Sannu Ba Ta Hana Zuwa: Tarihin Steve Reich da Tasirin Kiɗansa

Gabatarwa

A daminar shekarar 1970 wani Ba'amurke ɗan shekara 33 ya sauka a Ankara ta ƙasar Gana, ya nufi Jami'ar Gana da ke Legon, ya durƙusa gaban wani gwanin makaɗi na ƙabilar Ewe mai suna Gideon Alorwoyie, yana koyon kiɗa kamar kowane ɗan koyo. Bai wuce mako biyar ba zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi, tilas ya tattara ya koma gida. Wannan baƙo shi ne Steve Reich, wanda ake lissafa shi cikin mutane ƙalilan da suka sauya alƙiblar kiɗan Turai da Amurka a rabin ƙarshe na ƙarni na 20.

Kafin a yi nisa ya kamata a bambanta abu biyu. A wurinmu makaɗi shi ke ƙirƙirar kiɗansa, shi ke kaɗa shi, sau da yawa kuma shi ke rera waƙar da ke tafiya da shi. A al'adar Turai kuwa an daɗe da raba aikin gida biyu. Akwai mai tsara kiɗa, wanda yake zama ya rubuta shi a takarda da alamomi na musamman, kamar yadda marubuci yake rubuta wasan kwaikwayo, sannan akwai makaɗan da za su karanta su kaɗa. Reich mai tsara kiɗa ne, ko da yake ya shafe shekaru masu yawa yana riƙe sanda ya shiga cikin makaɗansa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun rayuwar wannan mutum da ayyukansa, a ga yadda ya ɗauki maimaitawa, abin da malamansa suka raina, ya gina gida a kanta, sannan a auna tasirin da ya yi. A ƙarshe za a taɓo wata tambaya da ta shafe mu kai tsaye, wato matsayin bashin da kiɗansa ya ci daga Afirka.

Asali da Karatu

An haifi Steve Reich a birnin Niyok ranar 3 ga watan Oktoba, 1936, a wani gida na Yahudawa. Mahaifinsa lauya ne, mahaifiyarsa kuwa mawaƙiya ce mai rubuta waƙoƙi. Yana da shekara ɗaya auren iyayensa ya mutu, uwar ta koma Los Anjalis a gaɓar yamma, uban ya zauna a Niyok a gaɓar gabas. Saboda haka daga 1939 zuwa 1942 yaron ya riƙa kai da komowa tsakanin biranen biyu a jirgin ƙasa, tafiyar kwanaki, tare da mai renonsa. Mai karatu ya riƙe wannan tafiya a zuciya, domin za mu sake cin karo da ita bayan shekara arba'in da 'yan kai.

Yana ƙarami aka sa shi koyon fiyano, amma abin bai kama zuciyarsa ba. Sai da ya kai shekara 14 ya ji kiɗan Bach da na Stravinsky da kuma kiɗan jaz na baƙaƙen Amurka, musamman gangar Kenny Clarke, sannan kunnensa ya buɗe, ya fara koyon ganga a wurin Roland Kohloff. A Jami'ar Cornell falsafa ya karanta, ya kammala a 1957 da kundi a kan Ludwig Wittgenstein. Daga nan ya shiga makarantar kiɗa ta Juilliard tsakanin 1958 da 1961, inda ya haɗu da Philip Glass, sannan ya wuce Kwalejin Mills a Kalifoniya, ya yi digiri na biyu a 1963 a hannun Luciano Berio da Darius Milhaud.

Salon da ke tashe a makarantun kiɗa a wancan zamani shi ne wanda Arnold Schoenberg ya assasa, su Pierre Boulez da Karlheinz Stockhausen suka faɗaɗa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙa'idarsa ita ce a jera sautuka 12 na ma'aunin Turai, kada a koma kan ɗaya sai an gama da sauran. Kiɗan da ke fitowa daga wannan ƙa'ida ba ya da karin da mutum zai riƙe ya rera, ba ya kuma da bugun da zai sa a kaɗa ƙafa. Reich ya rubuta irinsa don cika sharaɗin makaranta, amma da dare wurin John Coltrane yake zuwa sauraro, wanda a faifansa Africa/Brass na 1961 ya yi fiye da minti 15 yana busa a kan haɗin sauti guda ɗaya. A 1962 kuma aka nuna masa littafin Studies in African Music na 1959, wanda wani ɗan mishan Bature, A. M. Jones, ya rubuta da taimakon gwanin makaɗin Ewe, Desmond Tay. A ciki ya ga an rubuta kiɗan ganguna da yawa, kowace tana maimaita gajeren zubinta, amma ba daga wuri guda suke farawa ba. Wannan ya zauna masa a rai.

Rikoda Biyu da Mai Wa'azi

Da ya gama karatu ya zauna a San Faransisko yana tuƙin tasi da aiki a gidan waya. A watan Nuwamba na 1964 yana cikin makaɗan da suka fara kaɗa In C na Terry Riley, wani kiɗa da aka gina da gajerun zubi 53 waɗanda kowane makaɗi yake maimaitawa iya son ransa kafin ya wuce na gaba. A wannan shekarar ce kuma ya ɗauki muryar wani baƙar fata mai wa'azin Kirista da ake kira Brother Walter a wani dandali na birnin, yana wa'azi a kan ruwan Ɗufana na zamanin Annabi Nuhu. Lokacin duniya ba ta daɗe da tsallake rikicin makamai masu linzami na Kuba na 1962 ba, don haka maganar halakar duniya ba tatsuniya ba ce a kunnen jama'a.

Reich ya yanko jimla ɗaya gajeriya daga wa'azin, ya haɗa bakin tef ɗin biyu ya zama zobe, yadda zai yi ta zagayawa yana maimaita jimlar. Ya yi zobe biyu iri ɗaya, ya ɗora kowane a kan rikoda mai araha, ya kunna su tare. Da yake babu rikoda biyu masu gudu daidai wa daida, sai ɗaya ta fara riga 'yar'uwarta da ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba. Wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata biyu suna daka a turame biyu zai gane abin da sauƙi. Idan taɓaren suka sauka tare sauti ɗaya ake ji, idan ɗaya ta ɗan riga sai a ji kamar amsa-kuwa, idan ratar ta ƙaru sai ya zama lugude, in kuwa aka yi haƙuri sai mai saurin ta zagayo su sake haɗuwa. Wannan shi ne abin da za mu kira dabarar zamiya, kuma da ita ya gina It's Gonna Rain a 1965. Abin mamaki shi ne, da aka yi ta maimaita jimlar sai ma'anarta ta ja baya, karin sautin da ke cikin muryar mai wa'azin ya fito fili kamar waƙa.

Aiki na biyu ya fi na farko nauyi. A 1964 an kama wasu samari baƙaƙe shida a unguwar Harlem ta Niyok bisa zargin kisan kai, aka yanke musu hukunci a shekarar da ta biyo. Masu neman a sake shari'ar suka shirya taron tara kuɗi a 1966, suka ba Reich kasakasan hira da aka yi da samarin. Ɗaya daga cikinsu, Daniel Hamm, ɗan shekara 19, ya bayyana yadda 'yan sanda suka yi masa duka a wani kamu da ya gabata, kuma da yake masu zubar da jini kaɗai ake kai wa asibiti, sai ya matse wani ƙurma-ƙurman rauni da kansa har jini ya fito don su gani. Daga wannan bayani Reich ya yanko kalmomi biyar, ya zamar da su daga murya biyu zuwa huɗu zuwa takwas, har magana ta narke ta zama ruri. Sunan aikin Come Out. An soke hukuncin farko a 1968.

Daga Na'ura Zuwa Hannun Mutum

Reich bai so ya ƙare rayuwarsa yana yankan tef a ɗaki ba. Tambayar da ta dame shi ita ce, ko mutum zai iya yin abin da na'ura ta yi? A 1967 ya rubuta Piano Phase don masu fiyano biyu. Dukansu suna maimaita zubi ɗaya mai bugu 12 da aka gina da sautuka biyar kacal. Ɗaya yana riƙe gudunsa, ɗayan yana ƙara sauri kaɗan-kaɗan har ya riga abokinsa da bugu ɗaya, ya tsaya a nan, sannan ya sake zamewa. A kowace tsayawa sai wani sabon kari ya tsiro daga haɗuwar hannuwan, karin da babu wanda ya rubuta shi a cikinsu. A 1968 ya rubuta gajeriyar maƙala mai suna Music as a Gradual Process, inda ya bayyana cewa shi kiɗan da yake so shi ne wanda mai sauraro zai ji yadda ake gina shi da kunnensa, kuma sauyinsa ya zo a hankali yadda za a iya bin sa. Wannan raddi ne ga salon malamansa, wanda lissafinsa yake ɓoye a takarda.

Manyan zaurukan kiɗa ba su buɗe masa ƙofa ba a lokacin. Ya kafa ƙungiyarsa a 1966 da mutum uku, suna kaɗawa a ɗakunan nunin zane-zane, inda abokansa irin su Sol LeWitt da Richard Serra suke irin wannan tunani a fagen sassaƙa da zane. Daga can ne ma sunan salon ya fito. Ana kiran aikin waɗannan masu zane minimalizim, wato taƙaita kayan aiki iya ƙarshen taƙaitawa, sai Michael Nyman, wani mai sharhi ɗan Ingila, ya ɗora kalmar a kan kiɗa a 1968. Sunan ya bi mutum huɗu, La Monte Young da Terry Riley da Reich da Philip Glass. Reich bai taɓa son laƙabin ba, amma laƙabi ba ya neman yardar mai shi.

Tafiya Gana

Da ya gaji da karanta kiɗan Afirka a littafi, sai ya ɗauki darussa kaɗan a Niyok wurin Alfred Ladzekpo, shi ma makaɗin Ewe ne, daga nan ya nufi Gana, domin gani ya kori ji. Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon a lokacin tana ƙarƙashin shugabancin Farfesa J. H. Kwabena Nketia, Alorwoyie kuwa shi ne gwanin ganga na ƙungiyar raye-raye ta ƙasa da ke zaune a cibiyar. Kullum Reich yakan ɗauki darasi, ya naɗe shi a tef, ya koma ɗaki ya rage gudun tef ɗin zuwa rabi ko rubu'i, ya rubuta abin da kowane kayan kiɗa yake yi. Ya koyi kiɗa irin su Agbadza da Gahu. Ya ga yadda ƙararrawar ƙarfe mai baki biyu, wadda ta yi kama da kugenmu, take riƙe lokaci ba ta sauyawa, ƙananan ganguna kowace tana nanata nata zubin, babbar ganga kuma tana ba da umurnin juyi ga makaɗa da maraya baki ɗaya.

Ya koma gida da irin waɗannan ƙararrawa da niyyar sa su a kiɗansa, amma ya tarar sautinsu bai dace da ma'aunin Turai ba sai an goge su da zarto, ya ga kuma yin haka cin zarafi ne. Sai ya yanke shawarar cewa ba zai kwaikwayi sautin kiɗan Afirka ba, tsarinsa zai yi nazari, ya yi amfani da kayan da ya tashi da su. Sakamakon wannan shawara shi ne Drumming, wanda aka fara kaɗawa a Niyok a watan Disamba na 1971. Kiɗa ne na kimanin awa ɗaya ko fiye, mai kashi huɗu: na farko ƙananan ganguna takwas da aka daidaita sautinsu, na biyu marimba uku, wato katakan da ake jerawa a buga da sanda, tare da muryoyin mata, na uku jerin ƙarafa masu siririn sauti da fito da ƙaramar sarewa, na huɗu kuma duka a haɗe. Dukkan wannan daga zubi ɗaya ya fito, mai gurbi 12. Ana fara shi da bugu guda, a riƙa cike guraben ɗaya bayan ɗaya har zubin ya tsaya da ƙafarsa.

A 1972 ya ƙara taƙaitawa da Clapping Music, wanda babu kayan kiɗa a cikinsa sai tafin mutum biyu. Zubin tafi uku ne, shiru, biyu, shiru, ɗaya, shiru, biyu, shiru. Ɗaya yana riƙe shi, ɗayan yana tsallake gurbi guda bayan an maimaita, har sau 12 su sake haɗuwa. Ɗalibai biyu za su iya gwada shi a ɗakin kwana, su ji wahalarsa.

Daga Ihu Zuwa Tafi

Karɓuwa ba ta zo da sauƙi ba. A watan Janairu na 1973 Michael Tilson Thomas ya sa Four Organs cikin shirin babbar ƙungiyar makaɗa ta Boston a zauren Carnegie na Niyok. Kiɗan haɗin sauti ɗaya ne da ake miƙe shi a hankali na tsawon mintoci masu yawa. 'Yan kallo suka ɓarke da ihu, wasu na zagi wasu na yabo, har makaɗan suka koma ƙirga da ƙarfi don su ji juna.

Bayan ya yi nazarin kiɗan ƙarafa na tsibirin Bali a 1973 da 1974, sai ya shiga aikin da ya fi kowane ɗaga sunansa, wato Music for 18 Musicians, wanda aka fara kaɗawa ranar 24 ga Afrilu, 1976. An gina shi a kan haɗin sauti 11 da ake jerawa a farko, sannan a ɗauki kowane a gina sashe a kansa, a ƙarshe a sake jera su. Fiyano da marimba suna riƙe bugu ba tsayawa, mawaƙa mata da masu busa kuwa suna jan numfashi ɗaya su yi ta nanata sauti har numfashin ya ƙare, don haka kiɗan yake tashi yana sauka kamar ƙirjin mai barci. Babu shugaba mai sanda a gaba. Mai buga ƙarafa ne yake ba da alamar juyi da sauti, kuma Reich ya faɗa da bakinsa cewa daga gwanayen ganga na Afirka ta Yamma da na Bali ya ɗauko wannan. Da kamfanin ECM ya fitar da faifan a 1978, sai ya tsallake katangar masu kiɗan makaranta, ya shiga hannun masu sauraron jaz da na kiɗan samari.

Komawa ga Magana

A 1976 da 1977 Reich ya koma ga addinin kakanninsa, ya koyi Ibrananci da yadda ake rera karatun Attaura, a Niyok da Ƙudus. Daga nan Tehillim ya fito a 1981, wanda ya ɗora a kan ayoyin Zabura, inda tsawon gaɓoɓin kalmomi ne yake yanke tsawon bugu.

A 1988 ya rubuta Different Trains don ƙungiyar makaɗan goge huɗu ta Kronos, a nan ne kuma tafiyar ƙuruciyarsa ta dawo. Ya tuna cewa a shekarun da yake ratsa Amurka cikin jirgi mai daɗi, yara Yahudawa sa'o'insa a Turai ana loda su a wasu jiragen zuwa sansanonin kisa na Nazi. Ya ɗauki muryar tsohuwar mai renonsa, da ta wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa baƙar fata, da muryoyin mutum uku da suka tsira daga sansanonin. Ya yanko gajerun jimloli, ya rubuta hawa da saukar muryar kowane da alamomin kiɗa, ya ba wa goge. Sai mai sauraro ya ji goge ya faɗi jimlar kafin mai ita ya faɗe ta. Wannan ba zai zama baƙon abu ba ga wanda ya tashi yana jin kalangu yana kirari, domin Hausa harshe ne mai karin sauti, amma a kiɗan Turai sabuwar hanya ce. Aikin ya sami lambar Grammy a 1990.

Ya faɗaɗa dabarar a The Cave, wanda ya yi tare da matarsa Beryl Korot, mai aikin bidiyo, aka fara nuna shi a Biyana a 1993. Kogon da ake nufi shi ne na garin Halil a Falasɗinu, inda Musulmi da Yahudawa suka yi imani a nan kabarin Annabi Ibrahim yake. An yi wa Yahudawan Isra'ila da Falasɗinawa da Amurkawa tambayoyi iri ɗaya: wane ne Ibrahim a wurinka, wace ce Saratu, wace ce Hajara, wane ne Isma'ila, wane ne Is'haƙu? Ɓangarori biyun farko sun amsa kamar masu maganar iyayensu, wasu Amurkawa kuwa Abraham Lincoln ne ya fara faɗo musu a rai. Ba a cika shekara da nuna shi ba, a watan Fabrairu na 1994, wani Bayahude ɗan kama-wuri-zauna ya buɗe wuta a masallacin ya kashe masallata 29.

Reich bai ajiye alƙalami ba bayan wannan. Double Sextet ya jawo masa lambar Pulitzer a 2009, kuma a watan Oktoba na 2023, yana da shekara 87, babbar ƙungiyar makaɗa ta Niyok ta fara kaɗa sabon aikinsa Jacob's Ladder.

Tasiri

Tasirinsa na farko a kan masu tsara kiɗa ne. John Adams ya tashi a inuwar wannan salo kafin ya yi nasa hanya. Michael Gordon da David Lang da Julia Wolfe, waɗanda suka kafa ƙungiyar Bang on a Can a 1987, ba su ɓoye cewa shi ne ya buɗe musu ƙofa ba. Ko György Ligeti, wanda ya fito daga ɓangaren Turai, ya rubuta wani kiɗan fiyano biyu a 1976 ya sa sunan Reich da Riley a takensa. Bayan wannan zamani ɗalibin kiɗa zai iya rubuta abu mai bugu da kari ba tare da an kira shi jahili ba.

Na biyu a kan kiɗan kasuwa ne. Brian Eno ya sha faɗin cewa It's Gonna Rain ne ya nuna masa hanya, David Bowie ma ya yaba da shi a zamanin faifansa Low na 1977. A 1990 ƙungiyar The Orb ta yanko wani ɓangare na Electric Counterpoint, wanda Reich ya rubuta wa mai gita Pat Metheny a 1987, ta sa a kiɗan rawa. Yanko gajeren sauti a maimaita shi, wanda ya zama ruwan dare a ɗakunan haɗa kiɗa na kwamfuta, tushensa ba ɗaya ba ne, amma zoben tef na 1965 yana cikin magabatansa. Na uku a fagen rawa ne, inda 'yar Beljiyam Anne Teresa De Keersmaeker ta yi suna da Fase a 1982, rawar da ta gina a kan ayyukansa huɗu na farko-farko.

Batun Bashi

To, ina matsayin Afirka a cikin wannan labari? Reich ya sha cewa tafiyarsa Gana tabbaci ta ba shi a kan hanyar da ya riga ya kama. Akwai gaskiya a nan. Ya gano zamiya a 1965, shekara biyar kafin tafiyar, kuma gangunan Ewe ba sa zamewa daga juna, kowace tana nan inda aka kafa ta. Har ila yau bai ɓoye malamansa ba, ya ambace su a rubuce-rubucensa, ya buga maƙala a kan Gahu a 1971, ya kuma bayyana cewa jigon kashin farko na Electric Counterpoint daga busar ƙaho ta Afirka ta Tsakiya ya samo shi ta hannun masani Simha Arom.

Sai dai maganar ba ta ƙare a nan ba. Littafin Jones ya karanta tun 1962, kafin zamiya. Coltrane baƙar fata ne, haka muryoyin da aka gina ayyukansa biyu na farko a kansu. Idan aka tara waɗannan, kalmar tabbaci ta yi wa bashin kaɗan. Matsalar kuma ta wuce halin mutum ɗaya, ta shafi tsari. Dokar mallakar fasaha ta Turai tana sanin wanda ya rubuta ya sa hannu, ba ta sanin al'ummar da ta shekara ɗaruruwa tana gyara zubi ɗaya. Alorwoyie daga baya ya zama farfesa a Jami'ar Arewacin Texas, amma a tarihin kiɗa na Turai ambatonsa bai cika wuce layi ɗaya ba. Akin Euba, ɗan Nijeriya da aka haifa a Legas a 1935, wanda ya rasu a 2020, ya yi irin wannan tafiya ta ɗaya gefen, ya sa fiyano yin aikin gangunan Yarabawa, amma bai sami kunnen duniya kamar sa'ansa na Niyok ba. Bugu da ƙari, masani ɗan Gana Kofi Agawu ya yi gargaɗi a kan ɗabi'ar taƙaita kiɗan Afirka a bugu kaɗai, a manta da harshe da waƙa da rawa da taron da suke ba shi ma'ana. Abin da Reich ya ɗauka ƙashi ne, tsokar tana can wurin masu ita.

Kammalawa

An bi rayuwar Steve Reich daga jirgin ƙasa na ƙuruciya zuwa rikoda biyu na San Faransisko, daga Legon zuwa manyan zaurukan da suka taɓa yi masa ihu. An ga cewa abu biyu ne suka riƙe aikinsa tun daga farko, maimaitawa mai sauyi a hankali, da karin da ke cikin maganar mutum. Duka biyun ɗalibin adabin Hausa ya san su, a amshin waƙa da salon tatsuniya da bakin kalangu, ko da yake sau da yawa mukan wuce su a nazari da jimla ɗaya. Baƙon nan mako biyar ya yi a Gana, amma kowane darasi ya naɗe shi, ya rage gudunsa, ya rubuta shi bugu-bugu. Makaɗan kotso da taushi da kalangu suna nan a fadodi da kasuwanni, har a Sabo ta Ibadan da Agege ta Legas, kuma da yawa daga cikin gwanayensu sun tsufa. Korafi a kan bashin da ba a biya ba yana da wurinsa, amma zai fi ƙarfi daga bakin wanda ya zauna gaban waɗannan dattawa da irin wannan haƙuri, ya rubuta abin da suka sani, ya kuma sa sunayensu a kai.